Zan ja tirelar haya da Tacoma daga Bronx zuwa Houston, masu sani ku taimaka

Mai Ƙaura: Slm jama'a barkanku da warhaka. Don Allah masu sanin mota a cikinmu ku ba ni shawara. Ƙarshen watan nan insha Allah za mu tashi daga Bronx mu koma Houston ni da iyali, aikin da nake ta nema ya fito Alhamdulillah. To kamfanonin kwasar kaya kuɗin da suka yanka min wlh ko kayan gidan gaba ɗaya na sayar ba za su biya shi ba, shi ne nace bari in hayo ƙaramar tirelar nan ta kamfanin haya U-Haul mai 6x12, wato faɗi ƙafa 6 tsawo ƙafa 12, in ɗaura a bayan a-kori-kurata Toyota Tacoma, ta 2017 ce V6 mai ƙofa huɗu, na duba an ce tana jan nauyin fam 6,400. Ita kuma tirelar ko an cika ta maƙil ba ta wuce fam 4,400. Kenan ina da rarar 2,000 ko? Firiza da buhunan shinkafa zan zuba a bodin motar, madam da yara uku a ciki. Ban taɓa jan komai da mota ba. Wa ya taɓa yi?

Ɗan Zongo: Masha Allah, Allah ya sanya alheri ɗan'uwa. Kuna ta guduwa Texas kuna bar mana sanyi

Mai Uber: Kai malam ɗaura kawai ka kama hanya. Tacoma fa 'yar'uwar Hilux ce, a gida Hilux buhu nawa ake lafta mata ga mutane a saman kayan ga akuya, kuma ta je Maiduguri ta dawo lafiya lau. Turawan nan tsoro ne da su shi ya sa komai sai sun rubuta masa lamba

Makaniken Unguwa: Mai Uber don girman Allah kar ka kashe mana bawan Allah da iyalinsa. Mai Ƙaura ƙanena, lissafinka akwai gyara. Wancan 6,400 ɗin abin da motar za ta iya JA ne, kuma ma sai in tana da kayan ja na kamfani, wato ƙarfen baya na asali da abin sanyaya man giya. Amma akwai wata lamba da ta fi ta muhimmanci a wajenka, abin da motar za ta iya ƊAUKA a kanta. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai wata takarda mai launin ɗorawa da fari da aka manna, wadda ke nuna iskar taya, a samanta an rubuta nauyin mutane da kaya kada ya wuce kaza. Ɗauko hotonta ka turo

Mai Ƙaura: To yaya bari in sauka ƙasa

Mai Ƙaura: Na duba, 1,050 aka rubuta

Makaniken Unguwa: Yauwa. To zauna mu yi lissafi. Tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsaye ba, hancinta yana danne bayan motarka, kuma ƙa'ida shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya hau kan ƙwallon da aka maƙala ta. In ka cika ta 4,400 mafi ƙaranci fam 440 kenan ya hau motarka tun kafin kowa ya shiga. Kai da madam da yara uku, ba zan tambayi nauyin madam ba kar a hana ni tuwo, amma mu ce ku duka 550. An tashi 990. Saura 60. Wato buhun shinkafa ɗaya tal mai fam 50 ne ya rage maka, babu firiza babu jakunkuna babu kular abinci babu kujerun yara na mota. Ka ga inda rarar 2,000 ɗinka ta tafi

Mai Ƙaura: Innalillahi. Wlh ko a mafarki ban yi tunanin wannan ba

Mai Uber: Ni fa har yanzu ban yarda ba, fam ɗari biyu ko uku a sama me zai yi wa Toyota. Kamfani ai yana barin sarari a lissafinsa

Tsohon Direban Tirela: Yaro bari in gaya maka abin da zai yi. Injin ba zai ce komai ba, Toyota za ta ja, ba wanda ya ce ba za ta ja ba. Abin da ke faruwa shi ne baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayoyin gaba da su kake juya sitiyari kuma su ne ke riƙe yawancin birki sai su rage kama ƙasa, fitilarka da dare tana haska saman bishiya maimakon titi. A gida da kake faɗa da gudun nawa ake tafiya da wancan lodin, kuma sau nawa muka ji an ce taya ta fashe mota ta wuntsila an yi jana'izar mutum goma sha? Mun saba ne kawai muna cewa kwana ya ƙare. Nan kuma hanyar da zai bi manyan motoci ne ke wuce ka da mil 70 iskarsu kaɗai tana ture ka gefe

Tsohon Direban Tirela: Kuma tunda an tabo maganar, abin da na fi ji wa sababbi tsoro shi ne lilon tirela. Na gani da idona a babbar hanyar I-81 cikin Virginia wajen gangara, wata a-kori-kura a gabana da irin wannan akwatin a baya, da farko wutsiyar ce ta ɗan kaɗa hagu ta dawo dama kaɗan kaɗan har kana iya cewa iska ce, sai na ga jar fitilar birkinsa ta kama, nace shikenan. Kowace kaɗawa tana fin ta baya faɗi, taya ɗaya ta fara ɗagawa daga kwalta tana dawowa da ƙara, kafin in gama rage giya tirelar ta juyo da motar ta fuskance ni, ƙofar baya ta ɓalle katifa da tukwane da keken yara a warwatse a layi biyu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, mutumin ya fito yana rawar jiki ko magana ba ya iyawa. Da muka leƙa ciki duk kaya masu nauyi, injin wanki da kwalayen littattafai, a bakin ƙofar baya ya jera su don su ne ya loda a ƙarshe

Uwar Biyu: Subhanallah Baba ka sa gabana faɗuwa. Mai Ƙaura don Allah kar ka saka yaran nan a motar

Mai Ƙaura: To Baba in ta fara lilon me mutum zai yi, tunda ka ce birki ne ya kayar da shi

Tsohon Direban Tirela: Ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kar ka taka birki kar ka ce za ka gyara ta da juya sitiyari, kar kuma ka saurari masu cewa ƙara wuta take miƙewa. Ka bar gudun ya sauka da kansa, in ta natsu ka gangara gefe ka tsaya ka buɗe ka sake lodi. Don in ta yi sau ɗaya za ta ƙara, kayan ne ba su zauna daidai ba. Kashi 60 na nauyi gaban tayoyin tirela wajen hanci, 40 a baya, su ma masu hayar haka suke rubutawa a jikinta. Masu nauyi a ƙasa a gaba a tsakiya, katifu da barguna da kayan sawa su ne na baya. Sannan ka ɗaure da igiya mai ƙarfe, don kaya in ba a ɗaure ba hawa ɗaya za ka yi su zame baya duk tsarin ya lalace kai ba ka sani ba

Ba'adare na Greensboro: Assalamu alaikum. Baba ya hwaɗi gaskiya. Ni na ja irinta daga New York zuwa nan North Carolina lokacin da munka taso. Abin da zan ƙara, mil 55 anka rubuta a jikin tirelar, har a saman tayarta an rubuta shi a juye yadda za ka karanta ta madubi. Ka bi shi. Za a yi ta wuce ka ana hararar ka, bar su, kai dai layin dama. Tahiya da kaya ba tsere ba ce

Mai Uber: 55 daga New York har Texas?? Ai sai ya isa yaran sun gama sakandare

Makaniken Unguwa: Ka yi dariyarka amma lissafin yana nan. Tafiyar ta haura mil 1,600, waya za ta ce maka awa 24 da wani abu, to wannan na mai ƙaramar mota ne da ba ya jan komai. A 55 wajen awa 30 ne na tuƙi zalla, ban da shan mai ban da sallah ban da barci. Ka ware kwana uku zuwa huɗu, ka duba kwanakin da suka ba ka a takardar haya sun isa, in ba su isa ba ka nemi ƙari tun kafin ka tashi. Abu ɗaya mai daɗi tirela ba a cajin mil a kanta kamar yadda ake yi wa babbar motar kaya ta U-Haul. Amma mai za ka sha shi, tankin Tacoma galan 21 ne, akwatin nan kuma iska yake tarewa, kar ka bari ya sauka ƙasa da kwata kafin ka nemi gidan mai, kuma ka riƙa shiga na manyan motoci inda akwai filin juyawa

Ɗan Zongo: Ni matsalar da nake hango maka tun kafin ka bar Bronx ce. Waya za ta iya jefa ka parkway, hanyoyin nan na ƙananan motoci kawai, su Bronx River da Hutchinson da Henry Hudson da Saw Mill, duk an hana tirela hawa, tikiti ne kai tsaye. Holland Tunnel ma ba a shiga da tirela. Cross Bronx za ka bi ka haye gadar George Washington ta saman bene inda manyan motoci ke bi, fita ba a biyan kuɗin gada sai shigowa. Ka fita bayan asuba kafin go-slow ya haɗu, don koyon jan tirela a Cross Bronx ƙarfe takwas na safe ba abin da zan so wa maƙiyina ba ne

Mai Ƙaura: Na gode ɗan'uwa. Wace hanya ce ta fi daga nan, 95 ko 81?

Tsohon Direban Tirela: 78 ka shiga Pennsylvania ka kama 81 wajen Harrisburg, ka sauka ta Maryland da West Virginia da Virginia har Tennessee, 40 zuwa Knoxville, 75 zuwa Chattanooga, 59 ta Birmingham da Meridian har Slidell a Louisiana, 12 zuwa Baton Rouge sai 10 ta kai ka Houston. 95 za ta cusa ka Baltimore da Washington ga tolget a jere kuma da yawan layin taya suke caji, wannan tirelar layi biyu gare ta, kai da motarka huɗu kenan. 81 akwai hawa da gangara da manyan motoci ba iyaka amma ta fi sauƙin kuɗi da cunkoso. A gangara ka sauke giya inji ya riƙe maka, kar ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya fara wari. Kar ka sa mata tuƙin kai-da-kai na riƙe gudu. Bayan Baton Rouge akwai doguwar gada a kan fadamar Atchafalaya wajen mil 18, ka tabbata da mai da natsuwa kafin ka hau

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ina ta karantawa ina jinku maza, duk kun taru a kan mota ba wanda ya tambayi matar gidan me take so. Ɗana, kwana huɗu da yara uku a kujerar bayan Tacoma, ka taɓa zama a bayan nan kuwa? Gwiwa a ƙirji. Ka saya musu tikitin jirgi awa huɗu sun sauka, ko su yi gaba ko su zauna wajen 'yan'uwa sai ka isa ka share gida ka kafa gado. Ka ga nauyin da Makanike ke kuka da shi ya ragu, hankalinka kuma yana kan titi ba a kan wane ya mari wane ba

Uwar Biyu: Hajiya Allah ya biya ki, abin da ke raina kenan

Mai Ƙaura: Hajiya tikitin mutum huɗu fa, ga kuɗin kama gida ga na haya ga mai. Aljihun ya yi ƙasa wlh

Hajiya Mai Atamfa: Ka lissafa ɗakin otal na kwana uku da abincin mutum biyar a hanya ka cire daga kuɗin tikitin ka ga abin da ya rage. Kai kaɗai da abokin tafiya ko a ina kun kwana

Mai Uber: To ni tambayata me zai hana ya hayi babbar motar kawai ya zuba komai ya ɗora Tacoma a bayanta ya ja

Makaniken Unguwa: Ana yi, amma kujera uku ce a gaban babbar motar, iyalin dai ba za su shiga ba, kuɗin kuma ya ninka ga mai ya ninka, sannan wanda bai taɓa jan komai ba ka haɗa masa babbar mota da wata motar a baya, tsawon ya yi yawa. Sauran kamfanonin haya su Penske da Budget kuma ba sa ba da tirelar kaya ita kaɗai, sai abin jan mota tare da babbar motarsu. Ni a ganina tirelar ta yi, kayan ne za a rage

Ba'adare na Greensboro: Awo, a rage kaya. Hiriza ka saida ta nan, Houston cike take da su. Shinkahwa kuma haba ɗan'uwa, Texas ake noma ta, ka kwashi shinkahwa ka kai ma masu ita

Ɗan Zongo: Hahaha wlh kuwa. Kawo buhunan nan masallaci ranar Juma'a za mu rage maka nauyi fisabilillahi

Mai Ƙaura: Shinkafar na yafe. Firiza kuma sai an yi zama da madam, nata ne, da kuɗin adashinta ta saya

Hajiya Mai Atamfa: To kar ka kuskura ka sayar ba da yawunta ba. Kuma kar in ji an ce tukwanenta da kulolinta ne suka yi nauyi alhali kai kana da kwali goma na wayoyin caji da takalman da ba ka sawa. In firizar za ta tafi a sa ta cikin tirela a tsaye a can gaba, a kashe ta kwana ɗaya kafin nan ƙanƙara ta narke a goge, in kun isa a bar ta ta huta kafin a kunna

Makaniken Unguwa: Hajiya ta fi ni iya aikin ma. Eh a cikin tirela ba a bodi ba, kuma a auna tsayinta tukuna don cikin akwatin ƙafa biyar da kaɗan ne, kai kanka sai ka sunkuya. Ka tuna ita tirelar ba komai a ciki fam 1,920 ce, kayan da aka yarda ka zuba 2,480 ne kacal, kuma nauyi zai cika tun wuri bai ƙare ba in kayan katako da littattafai ne, kar ka ce tunda akwai sarari bari in ƙara. In ka gama lodi ka biya ta gidan man manyan motoci mai sikelin CAT, kuɗi kaɗan ne, za su ba ka takarda da nauyin gaban mota da bayanta da na tirela daban daban, ka gwada da lambobin jikin ƙofarka

Mai Ƙaura: Yaya maganar birki fa, wani a wajen aiki ya ce sai na saka wata na'ura a mota. Kuma lasisina na ƙaramar mota ya isa?

Makaniken Unguwa: Lasisinka ya isa, ba ka ko kusa da nauyin da ake neman na manyan motoci. Na'ura kuma ba ka buƙata, 6x12 birkinta a hancinta yake, in ka taka naka tirelar ta turo gaba sai turowar ta matse nata birkin da kanta. Shi ya sa ma na fi son ta a kan 5x8 da ba ta da birki sam. Abin da za ka tanada ƙwallo mai inci 2 da soket ɗin wuta mai baki huɗu. Ranar ɗauka kar ka bar wajen sai ka ga an murɗa abin ɗaure hancin ya kama ƙwallon tam, sarƙoƙi biyu an gicciya su a ƙarƙashin hanci yadda ko ya fita zai faɗa a kansu ba ƙasa ba, ka sa wani ya tsaya a baya ka gwada birki da sigina hagu da dama. Duk tsayawar da za ka yi ka zagaya ka sake murɗawa, ka taɓa tayoyi da bayan hannu ka ji ko wata ta fi sauran zafi. Ba a ba da safaya da ita, lambar taimakon hanya ce a takardar, ka adana ta a waya

Uwar Biyu: Inshora fa? Mijina ya ce tasa ta mota ba lallai ta biya ɓarnar tirelar haya ba

Makaniken Unguwa: Gaskiyarsa, ya kira kamfanin inshorarsa ya tambaya ƙarara, in ba su rufe ba ya sayi ta wajen hayar, Safetow suke ce mata

Tsohon Direban Tirela: Saura ribas. Ka karɓe ta da wuri ka je filin ajiye motoci da ba kowa ka yi ta gwadawa tun tana fanko. Hannu a ƙasan sitiyari, inda kake so bayan tirela ya nufa can za ka kai hannun, a hankali, in ta fara naɗewa ka tsaya ka yi gaba ka miƙe ka sake. Kwana kuma ka buɗe shi sosai don tayoyinta suna yanke kwana fiye da na motarka, za ka hau dakalin titi ko ka goge famfon gidan mai. Otal ka zaɓi mai fili, ka ajiye inda akwai haske, in da hali ka manna ƙofar bayan da bango ka sa kwaɗo mai kyau. Fasfo da takardun zama da na makarantar yara da gwal ɗin madam ba sa kwana a tirela, suna jikinka

Mai Uber: To shikenan kun yi rinjaye. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakana 60 zuwa 65 ba komai a miƙaƙƙiyar hanya irin ta Mississippi

Tsohon Direban Tirela: In ka hayi taka ka yi 65 ɗin

Mai Ƙaura: Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, mun yi magana da madam yanzu. Ita da yara za su bi jirgi bayan na isa, za su zauna wajen yayarta kafin nan. Firiza za ta tafi, an ƙi sayarwa, kujerun falo ne za mu bari. Yanzu abokin tafiya nake nema wanda zai karɓe ni tuƙi, ni zan biya masa tikitin dawowa

Ɗan Zongo: Wace rana ce takamaimai? In ta faɗo ƙarshen mako zan duba aiki

Makaniken Unguwa: Ka kawo min motar Asabar bayan la'asar in duba birki da man giya da tayoyi kafin ka biya kuɗin haya. Kuma ka yi bukin tun yanzu, ƙarshen wata tirelolin nan ƙarewa suke. Ina da igiyoyin ɗauri guda huɗu zan ara maka, Ɗan Zongo ya dawo min da su a jakarsa